Dabaibayin Sezim

Masu bibiyar labarin nan, na ga saƙonninku. Wasu sun ce na ɓace, wasu sun ce ko an ɗaura ne ban gayyace su ba. Ba a ɗaura ba. Yau kwana goma sha ɗaya ban buɗe shagona ba, kuma akwai rago ɗaure a tsakar gidanmu wanda ban san yadda zan yi da shi ba. Ban iya doguwar magana ba. Ku karanta a haka.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Ilgiz, facin taya nake yi a bakin babbar hanyar garin Tokmok. Ɗan riƙo ne ni. Ina da shekara takwas Batma Apa da mijinta, marigayi Toktosun, suka ɗauko ni daga gidan marayu. Apa nake ce mata, wato Mama, ban san wata uwa ba. Bayan rasuwar maigidan sai gidan ya yi mata faɗi, ta sake komawa can ta ɗauko yarinya 'yar shekara shida. Sezim.

Ranar da ta zo ta gaida kowa, ta wanke kofin shayinta da kanta, ta yi wa har karen maƙwabta murmushi. Komai aka miƙa mata sai ta ce, “Na gode.” Matan unguwa suka ce Apa ta yi dace. Ni kuwa ban yarda ba. Na san wannan murmushin, na taɓa yin irinsa.

Kowace Laraba ni nake kai ta wurin Damira Eje. Eje muke ce wa babbar mace don girmamawa. A jikin ƙofarta an rubuta masaniyar halayyar yara. A ciki kuwa ba komai sai darduma, akwatin yashi, da 'yan tsana waɗanda wasu ba su da hannu. Ita ce ta zauna da ni a kan wannan dardumar lokacin da aka kawo ni, kafin furfura ta cika mata kai.

“Yarinyar da ke yi wa kowa murmushi ba ta da kowa,” in ji ta. “Ku jira ranar da za ta yi muku rashin kunya.”

A sati na uku Apa ta ɗaga katifar Sezim ta tarar da gurasa ta yi fumfuna. Ta duba takalman sanyinta, nan ma gurasa. Apa fa, wadda in ɓallin gurasa ya faɗi ƙasa sai ta ɗauka ta sumbata ta kai goshi. Sai da ta zauna a bakin gado tana salati.

Damira Eje ta ce kada a yi mata faɗa. Ta ce a ba ta gwangwani mai murfi, nata ita kaɗai, kullum a cika shi da gurasa, kowa kada ya taɓa. Sannan ta sa Apa ta fita, ta gaya min abin da ke cikin takardun yarinyar. Tana shekara huɗu uwarta ta tafi Rasha neman aiki, ta bar ta wurin wani mutum a ɗakin haya a birnin Bishkek. Mutumin ya ce mata, “Yanzu zan dawo,” ya kulle ƙofa. Kwana uku kafin maƙwabta su ɓalle ta. Daga nan kuma duk motar da aka sa ta, sabon wuri ake sauke ta a tafi.

“Maganar nan a ɗakin nan za ta tsaya,” ta ce. “Na gaya maka ne don kai za ka zama mutumin da bakinsa ba ya canjawa. Kada ka yi mata ƙarya, ko mai daɗi. In za ka fita, faɗi inda za ka da lokacin dawowa, ka kuma dawo a lokacin. Mutum ɗaya take buƙata tukuna.”

A wata na biyar ina shara na ɗaga gwangwanin don in share ƙarƙashinsa. Ban ga tahowarta ba. Sai haƙoranta a wuyan hannuna, har jini. Ranar Laraba na nuna wa Damira Eje, sai ta kama dariya.

“Barka, Ilgiz. Ka zama ɗan gida.”

“Eje, jini fa ya fita.”

“Kai da ka fasa min gilashin taga kana shekara tara? Rufe min baki.”

Daga ranar Sezim ta fara kirana Baike, yadda ƙanwa ke kiran yayanta. Ta fara ƙin wanke kofi. Ta fara cewa miyar Apa ba gishiri. Mota kuwa ba ta shiga sai ni na ce ta shiga.

Yawan faɗuwa gare ta, gwiwoyinta kullum da ɓawon ciwo. Wata maƙwabciya ta ce ai dole, tunda ba a yanke mata dabaibayi ba lokacin da ta fara tafiya. Sezim ta ji. Da yamma ta same ni ina wanke hannu.

“Baike, an yanke maka?”

“An yanke. Ina shekara tara, ƙato da ni. Aka ɗaure min ƙafafu da igiyar ulu fari da baƙi, yara suka yi tsere, wanda ya zo na ɗaya aka ba shi wuƙa ya yanke. Apa ta yanka rago.”

“Ni wa zai yi wa tsere?”

Damira Eje ta ce a yi mata. Ba don faɗuwar ba. Don ta ga mutane sun taru saboda ita. Ta zana mana gidaje talatin a farar takarda, kowane gida kwana ɗaya har zuwa ranar bikin, muka manna a bangon kicin. Kowace safiya kafin shayi Sezim za ta hau kujera ta soke gida ɗaya. Na ƙarshen ta yi masa ja, ranar Lahadi ce.

Yanzu maganar Begimai.

Tsofaffin masu karatu kun san ta. Ɗinki take yi a wata ma'aikata a Bishkek. Shekara uku muna tare. Ita ce mutum ta farko da na gaya wa cewa har yau ba na iya barci in an kulle ƙofa ta waje. Ba ta yi dariya ba. A kan wannan na so ta.

Babanta ne matsalar. Ranar da na je gaishe shi ya zuba min shayi rabin kofi, kamar yadda ake yi wa baƙon da ake so ya daɗe. Ya ce, “Ƙirgo min kakanninka bakwai.” Na ƙirgo, tun daga Toktosun har na bakwai, ban yi tuntuɓe ba. Ya gyaɗa kai.

“Ka yi hadda mai kyau. Amma waɗannan na aro ne. Naka fa?”

Ya ɗauki butar ya cika min kofin har baki, alamar sallama ke nan a wurinmu. Na sha na tashi.

Begimai ta ce in ƙyale shi, zai sauko. Ta riƙa zuwa gidanmu ranar hutunta, ta kawo wa Sezim ribbom, ta yi mata kitso biyu. In na raka ta tasha sai ta tambaye ni, “Wai me Damira Eje take ce muku?” Ni kuma in faɗa. Gwangwanin, takalmin, cizon. Har ɗakin hayar da kwana ukun. Na ɗauka wadda za ta shigo gidan ya kamata ta sani. Ban ɓoye muku ba, ni na fitar da maganar daga ɗakin da aka ce ta tsaya.

Ana saura gida goma a takardar sai ga labari, baban ya sauko. Har ya sa ranar da Apa za ta je ta sa wa Begimai 'yan kunnen baiko. Na ɗauka addu'a ce ta ci. Begimai ta ce ita za ta ɗinka wa Sezim rigar bikinta. Ta zo da abin awo, ta durƙusa a kicin ɗinmu ta auna ta daga kafaɗa zuwa idon sawu. Ita ta murza igiyar ma, fari da baƙi, a kan cinyarta, Sezim na riƙe mata bakin zaren.

Ranar Lahadi Sezim ta soke jan gidan tun kafin ruwan shayi ya tafasa. Farar riga mai leshi a wuya, 'yar shara ja ta karammiski, ribbom biyu. Igiyar a dunƙule a hannunta. Apa ta ce a ƙauyen Kegeti za a yi, gidan ƙaninta, can ne akwai filin tsere. Su za su yi gaba a tasi su ɗora tukwane, ni in biya kasuwar dabbobi in sayo rago in biyo su.

Tasi ta tsaya. Begimai ta shiga gaba da shuɗin ɗankwalinta, kanta a kan waya. Sezim ta kama ƙarfen ƙofar gida ta tsaya.

“Baike, ina za mu?”

“Kegeti, gidan Kawu.”

“Yaushe za mu dawo?”

“Kafin magariba.”

“Kai fa?”

“Zan sayo rago in biyo ku.”

“Rantse.”

“Na taɓa yi miki ƙarya?”

Ta tsaya ta yi tunani, na gaske, har da ɗaure fuska. Sannan ta ce, “A'a.” Ta saki ƙarfen. Ni na ɗaga mata gefen rigar don kada ƙofar mota ta kama.

“Gwangwaninki fa?” na ce. Ko wurin Damira Eje ba ta zuwa sai da shi.

“Bar shi. Ai za mu dawo.”

Na kalli Apa don ta ji abin da na ji. Tana gyaran jaka.

Na zaɓi rago baƙi mai farin goshi, don ya dace da igiyar. Na cusa shi a bayan motata na kama hanyar Kegeti. Da na isa, ba hayaƙi a gidan Kawu. Ba tukwane, ba yara. Shi kansa yana kwance a ƙarƙashin tarakta, ƙafafunsa kawai ake gani.

“Kawu, ba su iso ba?”

Ya jawo jiki ya fito yana goge hannu. “Su wa?”

“Su Apa. Bikin Sezim.”

“Wane biki? Kai ɗan Batma, wannan ragon fa? Ko auren ka yi a ɓoye, ka zo toshe min baki?”

Na kira Apa, ba ta ɗauka ba. Na kira Begimai, waya a kashe.

A kicin na samu Apa. Ba ta ko cire rigar fita ba. Shayi a gabanta ya huce. An cire takardar daga bango, sai alamun gam guda huɗu.

“Ina take?”

“Zauna, ɗana.”

“Ina take, Apa?”

“Inda na ɗauko ta.”

Ban zauna ba. Ita ta ci gaba, idonta a kan kofi.

“Baban Begimai ya ce zai haɗiye maganar kakanni. Ɗaya zai haɗiye, ba biyu ba. Ya ce 'yarsa ba za ta shiga gidan da yarinya ke cizon mutane tana cusa gurasa a takalmi ba. Ya ce wadda aka kulle kwana uku, wa ya san me za ta yi wa jariri gobe.”

“Wa ya gaya masa kwana uku?”

Sai a lokacin ta ɗago. “Ni ko sani ban yi ba, sai a bakinsa na ji.”

Na dafa bango.

“To rigar fa? Igiyar fa? Me ya sa sai yau?”

“Da me za ta shiga mota? Bakinka kaɗai take ji.”

“Kuka sa ni na...”

“Shekara goma sha huɗu ina ɗinke ka, Ilgiz. Na ga yadda ka dawo daga gidan mutumin nan, kwana huɗu ba ka ci abinci ba. Na tsufa, hannuna ba zai riƙe biyu ba. Na riƙe wanda na fara ɗauka. Kai na zaɓa.”

Ta faɗe shi kamar kyauta take ba ni.

“Ta yi kuka?”

“Da ta yi, da ya fi min sauƙi. Da ta ga ginin sai ta yi shiru. Ta sauka da kanta. Ta ce min, na gode.”

Bayan la'asar Begimai ta kunna waya. Ga saƙonnin yadda suke, ban gyara komai ba.

Ni: Kin sani?

Begimai: Ilgiz don Allah mu haɗu mu yi magana

Ni: Kin sani?

Begimai: Na ɗan lokaci ne. Bayan biki sai mu san dabara

Ni: Kin durƙusa kin auna ta.

Begimai: So na yi ta tafi da abu mai kyau

Ni: Wa ya gaya wa babanki?

Begimai: Mamata kawai na gaya wa, don su tausaya mata. Wallahi ban zaci haka zai juya ba. Da ya juya kuma ban ga wata hanyar samunka ba

Can sai wani saƙon ya shigo.

Begimai: Kai ma fa can ka fito, ga ka nan lafiya lau

Na daɗe ina kallon wannan layin. Ita ce ta san ba na barci a ɗakin da aka kulle.

Litinin da safe na je wurin Damira Eje. Ta riga ta ji. Ta cire tabarau ta ajiye a cikin akwatin yashi, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

“Mayar da yaro ana yi, na ga da yawa,” ta ce. “Amma wannan, abu ɗaya da muka gina a shekara da rabi shi aka yi tarko da shi.”

“Ni na sa ta a motar, Eje.”

“Na sani. Kai kuma ka fitar da maganar ɗakin nan. Ba zan ce maka ba ka da laifi ba, ban taɓa yi maka ƙarya ba.” Ta mayar da tabaran. “Ka kai mata gwangwaninta. Ka je kullum ƙarfe huɗu, ba huɗu da minti biyar ba. Kada ka kai alewa, kada ka yi alkawari ko ɗaya. Ka faɗa mata gaskiya sau ɗaya, sannan ka zauna ka yi shiru. Shirun dai ka iya.”

Daga can na wuce ofishin da ke kula da riƙon yara. Matar da ke wurin ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce wadda ta mayar da yaro da hannunta ba za su sake ba ta ba. Ni kuma saurayi ne, gidan ba sunana ba, yarinyar mace.

“Da kana da mata, da sai mu zauna mu duba,” ta ce.

Ƙarfe huɗu na shiga gidan marayun. Koren fentin nan ne dai, warin dafaffen kabeji da maganin wanke ƙasa. Ƙafafuna sun san hanya. Mai kula da ɗakinsu ta tare ni a baranda ta yi ƙasa da murya.

“Ba ta ba mu wahala ko kaɗan, yarinyar kirki. Abu ɗaya ne. Igiyar nan ta ɗaura a ƙafafunta da kanta. In za a yi wanka ta kwance, in an gama ta mayar.”

Sai ga ta tana tahowa da gajerun taku, cikin kayan gidan, igiyar fari da baƙi tana ja tsakanin idon sawunta. Ta tsaya a gabana ta yi murmushi. Wancan murmushin.

“Sannunku da zuwa.”

Na miƙa mata gwangwanin. “Na gode,” ta ce.

Na durƙusa. “Sezim, ban san nan za a kawo ki ba. Amma ni na ce ki shiga motar. Abin da na gaya miki bai zama gaskiya ba.”

“Ba komai.”

Muka zauna a kan benci awa guda. Da lokaci ya cika ta ce, “Ku gaida gida.”

Haka Talata. Haka Laraba. Kwana tara ina zuwa ƙarfe huɗu, tana yi min sannu da zuwa kamar mai duba mitar wuta. A gida ba na magana da Apa. Tana ajiye min abinci a bakin ƙofa, ni kuma in ba rago ciyawa.

Jiya, zuwa na goma, muna kan bencin wayata ta yi ƙara. Na ciro.

Begimai: Apa ta gaya min abin da ofis suka ce. Ni zan sa hannu. Ku zo Asabar da 'yan kunnen yadda aka shirya. In na shiga gidana babana ba shi da iko da wanda zan riƙe. Ka ba ni dama in gyara

Zan faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba. Zuciyata ta buga. Ba don Sezim kaɗai ba. Har yanzu in sunan yarinyar nan ya fito a wayata sai ƙirjina ya amsa, kuma na tsani kaina a kan haka.

Ban lura Sezim ta leƙo ba. Hoton Begimai yana saman saƙon, da shuɗin ɗankwalin. Na ga murmushin ya zame daga fuskarta a hankali. Ta ajiye gwangwanin a gefe. Ta kama hannuna da hannu biyu, ta nutsa haƙoranta a wuyansa, dab da tsohon tabon.

Mai kula da su ta taso a guje. Na ɗaga mata ɗaya hannun na ce ta tsaya. Ban janye ba. Na bar ta har ta gaji don kanta.

Da ta saki, majina da hawaye sun haɗu da jinin a haɓarta.

“Maƙaryaci,” ta ce. “Baike maƙaryaci. Ka ce za ka sayo rago.”

“Na sayo. Baƙi ne, mai farin goshi. Yana gida a ɗaure.”

Ta ja hanci. Ta kalli wayar, ta kalle ni.

“Kada ka ba ta shi.”

Na buɗe baki, sai na tuna an hana ni alkawari. Na rufe.

Saƙon yana nan ban amsa ba. 'Yan kunnen suna kan teburin kicin, inda Apa ta ajiye su don in riƙa gani. Hanya ɗaya aka nuna min ta fito da yarinyar nan, kuma ta hannun da ya murza igiyar ta bi. Asabar jibi ce.

Yanzu uku da rabi. Zan ba ragon ruwa in tafi.